Famfon Motar Likitan Ido

Ku 'yan yanzu, in famfo ya ƙi ba da ruwa sai ku kwance shi ku wurgar, ku hau babur ku sayo sabo, ku ɗaura, ku wanke hannu kuna fito. Sannan ku zo bakin rumfata ku zauna kuna cewa aikin famfo ba wuya. To, canji ba wuya, na yarda. Gyara ne ban ga kun taɓa yi ba. A zamaninmu in ka ce a sayo sabo, sai a tambaye ka a ina, domin daga Magariya har Damagaram babu mai shagon da ya ajiye shi, Kano ma sai an dace.

Ni wurin Baba Mati na koya, a bayan tashar Magariya. Shi ba bakanike ba ne, ba maƙeri ba ne, amma duk abin da ke tsotsa ko hurawa nasa ne: famfon rijiya, famfon taya, risho, fitila mai famfo. Kayan aikinsa ba su cika akwatin sabulu ba. Kile 'yan kaɗan na kwance noti, turnabis na ɗaure sukurori da ya sha wasawa har ya gajarce, pansa, waya, tsohuwar robar cikin taya da muke yankawa mu toshe yoyo, sai fata da ke kwana cikin gwangwanin man gyaɗa don ta yi laushi. In ka kai hannu ga kile kafin ka saurari kukan famfo, da kilen zai buge maka yatsu. Cewa yake yi, “Lawali, famfo ba shi da wayo. Sha ya sani da turawa. In ya ƙi, ko an hana shi sha, ko an ba shi iska, ko an tare masa hanya. Ka binciki maƙwabtansa kafin ka zarge shi.”

Akwai wani Alhaji mai lambun rake wajen Kwaya da ya zo mana yana kumfar baki, wai famfon da muka gyara masa bai kai ko'ina ba ya mutu, mu macuta ne. Baba Mati ya tura ni. Na kwance famfon nan ɗaiɗai, na duba, lafiyarsa ƙalau. Sai da na jawo tiyon daga cikin rijiya na tarar da kwaɗo ya cusa kansa a bakin, ya cika shi dam, ƙafafu a waje. Na kawo wa Alhaji shi a hannu. Ya dube shi ya dube ni, ya ce ai shi ma ya yi zargin haka. Masu kawo aiki ke nan, kowa ya san cutar, amma sai bayan ka nuna masa.

Aikin da nake so ku ji a shekarar babban fari na yi shi, cikin shekarun saba'in. Wannan shekara sana'armu ta sha wuya. Rijiyoyi suka ja baya, famfuna suka koma shan yashi, lambuna suka bushe, wanda bai ci ba kuwa ba ya gyaran fitila. Baba Mati ya riga ya tsufa ya bar mini rumfa, ni kuma nakan wuni ina korar ƙuda daga kan akwati.

Ina nan zaune da hantsi sai ga Haruna direba, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. Haruna Babarbare ne, dogo, mai faɗa, shi ke tuƙa motar likitan ido da ke zagaya ƙauyuka a lokacin. Ko zama bai yi ba.

“Lawali, ɗauko akwatinka. Mun yi pan, abu ya lalace mana a bayan Dungas.”

“Ai ni ba bakanike ba ne.”

“Injin lahiya lau. Ruwa ne ya ƙi.”

Na san motar, domin na taɓa ɗaure mata tiyo da ta biyo ta Magariya. Farar kamyo ce, babbar mota, bayanta kamar ɗaki, da gado, da fitilar aiki, da kwanon wanke hannu. A ƙarƙashi akwai tankin ruwa, kusa da shi ɗan famfo da bai wuce gwanda ba, mai cin wutar batir. Ka buɗe kan ruwa ya yi gurnani ya turo, ka rufe ya ɗan ƙara gurnani har ruwan ya matsu a cikin tiyo, sannan ya kashe kansa. A lokacin mu abin mamaki ne, famfo mai sanin lokacin yin shiru.

Muka bi motar dakon hatsi zuwa Dungas, muka kwana, da asuba muka hau amalanken jaki zuwa wani ƙauye kusa da iyaka. Rana ta ɗaga muka isa. Motar tana tsaye ƙarƙashin tsamiya, mutane zazzaune kewaye da ita, yawanci tsofaffin mata, kowace da tsumma a fuska. Amodari ke damun su, ciwon nan da ke juya gashin ido ya koma ciki, ya yi ta kartar ƙwayar ido har ta yi fari. Aikin likitan shi ne ya ɗan tsaga fatar idon ya juyo da gashin waje. Ƙaramin aiki ne, amma shi ne tsakanin gani da makanta.

Likita Sule mutum ne marar yawan magana. Bayan gaisuwa ya kai ni cikin motar ya buɗe kan ruwa. Famfo ya kama gurnani, ruwa ya zo tsit-tsit, yana tofi. Ya rufe, famfon bai daina ba, sai da ya cire masa waya. Sannan ya nuna mini ƙasan kwanon, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa kamar gutsuren gashi.

Na ce, “Likita, ai ko da buta ana wanke hannu.”

Ya ce, “Ana wankewa. Amma da wane ruwa? Na rijiyarsu ka je ka gani, kunu ne da kashin shanu. Wannan kuwa na Magariya ne, ni na sa masa zabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da hannuna, ga shi yana fitar da abin da ban sani ba. Ba na kai ruwan da ban san abin da ke cikinsa ba kusa da idon mutum.” Ya ce gobe da safe dole motar ta tashi, ana jiran ta a wata ƙasar, kuma ba zai yi wa kowa alkawarin dawowa kafin bayan damina ba.

Da na fito zan shiga ƙarƙashin mota, na kusa taka wata tsohuwa da ta shimfiɗa tabarmarta dab da taya. Inna Kuluwa ke nan, Bafulatana, 'yar firit, baki kamar reza. Shanunsu sun ƙare a farin, ɗanta ya kora 'yan sauran ya yi kudu, ita ta zauna tana saƙar faifai tana ci. Idonta na hagu ya riga ya mutu. Na dama ne ya rage, shi ma ba ta iya buɗe shi cikin rana, kuma likita ya gaya mata in ya ƙara damina ɗaya a haka, shi ke nan. Tsakaninta da Haruna kuwa wasan Fulani da Barebari ne, tun da motar ta zo ba su huta ba.

“Wa kuma aka kawo?” ta tambaya.

Haruna ya ce, “Likitan famfo ne, tsohuwa. Matsa da tabarmarki.”

“Allah ya sa ya fi ka hankali. Sannu da zuwa, ɗan nan. Ka yi a hankali, kada ka fasa musu abu.”

Na bi aikin yadda aka koya mini. Na ƙwanƙwasa tanki, ruwa ya fi rabi, ke nan ba a hana famfo sha ba. Na duba batir, ya yi sanyi saboda gurnanin banza da famfon ya yi ta yi, amma da sauran rai. Na bi tiyon tsotsa da yatsa, gaɓa gaɓa, ko akwai inda yake shan iska. Babu. Na bi na turawa, ko akwai yoyo da ke hana ruwa matsuwa. Bushe ƙayau. Na busa ƙofar numfashin tanki, don zanzaro na son gina gidansa a nan, ita ma a buɗe. Sai na kwance 'yar rariyar da ke gaban famfo, na tarar ta yage tun ba yau ba, komai wucewa yake yi.

Nan na buɗe kan famfon. A ciki akwai wasu 'yan harsunan roba, ƙanana kamar farce, su ne ke buɗewa ruwa ya shiga su rufe kada ya koma. Kowannensu an dasa masa zare-zare a ƙarƙashi, ya hana shi kwanciya. Shi ya sa famfon ke turawa ruwan na komawa, ba ya taɓa matsuwa, balle ya yi shiru. Pansata ta yi wa wurin kauri, yatsuna kuma sun fi pansar. Ina ta tsaki sai Inna Kuluwa ta ce me ya faru. Na gaya mata. Ta zaro matsefata daga wuyanta, wadda take tuge gashin idonta da ita, ta miƙo.

“Ungo. In ka ɓatar da ita, da idonka za ka biya.”

Na tsince zaren tas, na mayar, na haɗa waya. Ruwa ya zo shaa, aka rufe, famfo ya yi ɗif. Haruna ya buga mini kafaɗa, mata suka hau sa albarka, ni kuma na fara taƙama ina goge kile. Likita ya ce a bar shi ya zuba a kwano ya gani. Kwanon bai cika ba ruwan ya soma tofi, famfo ya koma gurnaninsa, ga baƙin abin nan yana yawo. Na mayar da taƙamata cikin akwati na sake kwanciya a ƙasa.

Karo na biyu na aika gidan maigari aka aro mini rariyar tankaɗe, na yanki gefenta, na yi wa famfon sabuwar matata. Matar maigari ba ta yafe mini ba, na ji labari. Yanzu datti ya daina shiga famfo, amma kafin ka ce kwabo matatar ta toshe. Ke nan abin daga cikin tanki yake fitowa, kuma ba kaɗan ba ne.

Mu masu aikin famfo muna da wata ɗabi'a da likitoci ba sa so: tsotsar tiyo da baki. Na cire tiyon na ja, ruwa ya cika mini baki. Maimakon in tofar sai na tsaya. Ruwan tanki warin ƙarfe da zabel yake yi, kowa ya sani. Wannan kuwa ƙamshi yake yi, sanyi-sanyi, kamar ruwan randar tsohuwa mai tsabta.

Na ce, “Haruna, ruwan nan haka yake da daɗi?”

Ya ce, “Ai tun da muka zo garin nan shayina ya gyaru. Na ɗauka hannuna ne.”

Na lanƙwasa waya na yi ƙugiya, na zura ta bakin da ake zuba ruwa, na yi ta lalube. Can na ji ta kama abu mai laushi. Na ja, ya ƙi, na murɗa, ya taho da ƙyar. Damin saiwoyi ne, ya kai kaurin damtse, ya sha ruwa ya kumbura, an ɗaure shi da jan zare, gefe guda ya warware yana zubar da gashi.

Sai wani ya ce, “Sammu ne.” Kafin in buɗe baki magana ta zagaye tsamiya. Duk ido, har marasa gani, ya koma kan wanzamin garin, wanda kafin zuwan motar shi ke yi wa mutane maganin ido. Bawan Allah yana zaune da zabirarsa, ya zo kallo, ya miƙe yana rantsuwa. Na ɗaga murya na ce saiwar jema ce, irin wadda mata ke sawa a randa don ƙamshi. Maigari ya ce ai da saiwa ake yin abin, kuma in aka tabbatar, wanda ya yi sai ya bar masa gari.

“Ku ƙyale Sarkin Aska,” in ji Inna Kuluwa. Ba ta ko tashi daga tabarma ba. “Ni na sa.”

Maigari ya ce, “Inna, ke kuma?”

“Ni. Ranar da suka zo na roƙi ruwa, wannan Babarbaren ya ɗebo mini. Na kai baki na ji kamar na lashi gatari. Na ce wayyo, bawan Allah ya baro gidansu ya zo gyara mana ido, a bar shi yana shan wannan? Ba ni da nono, ba ni da kaza. Saiwar nan kaɗai ta rage mini tun lokacin da fadama ke da ruwa, ina ɓoyon ta. Da suka tahi masallaci na lallaɓa na sa musu.”

Haruna ya riƙe kai. Ya ce, “Tsohuwa, murfi biyu ne a gefen nan, kusa da juna. Ɗaya na ruwa, ɗaya na gazuwal, man motar. Ke da ba ki gani, yaya aka yi kika san wanda za ki buɗe?”

“Ido ne ba ni da shi, ba hanci ba.”

Likita Sule ya karɓi damin, ya juya shi, ya shinshina.  Sannan ya ce kakarsa ma tana sa irinsa, kuma yanzu da ya san ko mene ne, hankalinsa ya kwanta. Amma sai an juye tankin duka, an wanke, an tace ruwan, an tafasa wanda za a yi aiki da shi. Ya dubi rana, ta riga ta karkata. Ya ce zai yi iya waɗanda haske ya ba shi, domin batir ba zai riƙe fitila ba, wanda bai samu ba sai haƙuri.

Nan gunaguni ya tashi. Waɗanda suka yi kwanaki suna jira suka fara cewa ai ga wadda ta jawo. Inna Kuluwa ita ce ta biyu a layi, tun farko ta kama wuri. Ta naɗe tabarmarta, ta lalubi sandarta, ta ce, “Ku sa ni a ƙarshe.” Ta koma can bayan kowa ta zauna. Babu wanda ya ce ta dawo. Abin ya dame ni, domin ni na san yawan aikin da ke gabana, na kuma ga tsawon layin.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. A shekarar nan ba a zubar da ruwa ko na wanke hannu, saboda haka mata suka fito da randuna da ƙore, muka tare shi duka. Likita ya ba da sabon farin yadi aka yi ta tacewa. Wanzami da kansa ya hura wuta ya ɗora tukwane, yana yi yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa Allah ya wanke shi. Ni da Haruna muka sauke tankin, muka zuba masa ɗan ruwa, muka yi ta girgiza shi kamar masu kaɗa nono, muna juyewa, har ya daina fitar da gashi. Muka mayar, muka ɗaure, aka zuba ruwa, likita ya sa zabel ɗinsa. Na sake tsince harsunan roba, na haɗa. Ya buɗe, ruwa ya zo garau. Ya rufe, famfo ya yi shiru, ya kuma zauna a shirun.

Likita ya shiga aiki, ana shiga ana fitowa da farin ƙyalle a fuska. Ni ina zaune gindin taya, kunnena na kan famfo, idona na kan rana. La'asar ta wuce, inuwar tsamiya ta miƙe har bakin gari. Da aka fito da na gaban Inna Kuluwa, rana ta yi ja, cikin motar ya yi duhu. Likita ya kunna fitila, ta kawo wani jan haske kamar garwashi. Ya leƙo ya girgiza kai.

Haruna mutum ne da ke auna gazuwal da tsinke safe da yamma, ko maigari ya roƙi a kai shi Dungas ya hana, wai man da ya rage iya na komawa ne. Sai na ga ya tashi, ya hau gaba, ya tayar da injin. Fitila ta yi fari fat. Ya leƙo ta taga.

“Tashi ki shiga, tsohuwa. Ba don ke ba ne. Don kada a bar ki kina yawo kina zuba wa motocin mutane magani.”

“Allah ya shirye ka,” ta ce, tana laluben matakala. “Riƙe mini sanda.”

Da safe likita ya bi su ɗaya ɗaya yana cire ƙyalle, yana sa magani, yana gaya musu ranar da za su je Dungas a cire zare. Ina ɗaure akwatina aka zo kan Inna Kuluwa. Idon ya kumbura, ya yi ja, amma ta buɗe shi. Ta ƙifta, ta jira zafin da ta saba, bai zo ba. Ta sake ƙiftawa. Ta dubi likita, ta dubi Haruna sama da ƙasa ta ce ashe muninsa ya fi muryarsa. Sannan ta ce a nuna mata inda ta sa saiwar.

Na kai ta gefen mota na buɗe murfin. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon bakin tankin.

“Ɗan bakin nan ne?”

“Shi ne, Inna.”

“Kai. Da ina gani, ai da rabi zan sa.”

Haruna ya ce a Magariya zai sayi kwaɗo ya kulle murfin, kuma ya saya. Muka hau, ni a baya da akwatina a kan cinya. Na ji daɗi ranar, ba na ɓoye muku. Mota ta ja cikin yashi, sauran mata suka koma inuwa. Ita kuwa tana nan tsaye a tsakiyar rana, tsumman a hannunta, tana kallon mu har muka sha kwana.